Bindigar Gado: A Tashe Ta, Ko A Bar Ta A Rataye?

A ɗakin kawuna, a wani ƙauye na ƙasar Gazawa, akwai wata tsohuwar bindiga wadda na tashi na tarar da ita rataye a jikin bango, an naɗe ta da tsumman bargo, an kuma toshe bakinta da auduga don kada zanzaro ya yi gini a ciki. In aka sauko da ita aka goge ƙura da babban yatsa, mai kyakkyawan gani yana iya karanta rubutun Nasara a gefen ƙarfenta, da lambar 1874 a ƙarshensa. Ta bambanta da bindigar toka da maharbanmu suka saba da ita, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, domin ita mai sakata ce: akan ɗaga wani ɗan hannu da ke gefen dama, a ja shi baya kamar yadda ake zare sakatar ƙofa, a saka harsashi guda, a tura, a kwantar da hannun, shi ke nan ta ɗanu. Kakanmu ne ya saye ta a Maradi da kuɗin gyaɗa, tun kafin mulkin kai, ya yi farauta da ita har ƙafa ta gaza; kawu ya gaje ta, shi ma ya yi ta yawon dawa da ita har siririn harsashin da take ci ya ɓace daga kasuwa, gara kuma ta samu gindinta ta yi masa illa.

Bara waccan, bayan an gama shigar da hatsi rumbu, ƙaramin ɗan kawu, taubashina, wanda ya dawo daga wuraren haƙar zinariya na can arewa da 'yan kuɗi a hannu, ya sauko da ita ya shimfiɗa a tabarma gaban mahaifinsa, ya ce, "Baba, dukiya ce muka bari tana lalacewa. A ba ni ita in kai wa maƙeri, a sassaƙa mata sabon gindi, a buɗa mata ciki ta riƙa cin lamba 12 da ake samu ko'ina, in Allah ya hore ma a ɗora mata madubin hange irin na Turawa." Wansa, wanda yake malami ne mai makarantar allo a ƙofar gida, ya ɗago kai daga littafinsa ya ce, "Auta, abin da ka tarar a rataye, tambayi dalilin rataye shi kafin ka sauko da shi." Kawu bai ce uffan ba ranar nan. Ni kuwa maganar ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, saboda na san daga Agiye zuwa Cadawa, daga Tsibiri zuwa Gidan Rumji, gidajen da ke da irin wannan ajiya ba kaɗan ba ne, kuma kowanne daga cikinsu wata rana sai ya samu autansa da malaminsa.

Bari in fara da hujjojin masu cewa a tashe ta, domin sun fi yadda malam ya zata ƙarfi.

Ta fari tana cikin tarihin bindigar kanta. Sunanta Gras, sunan hafsan Faransa da ya tsara ta, Basile Gras, kuma asalin tsarin nasa gyaran wata bindiga ne da ta riga ta, Chassepot ta 1866, mai cin harsashin takarda, wadda aka sāke wa ciki don ta ci na tagulla, har aka mai da dubban tsofaffin Chassepot ɗin suka koma sabon samfuri maimakon a zubar da su. Da Lebel ta fito a 1886 da albarushi mara hayaƙi, sai Gras ta fara zama tsohon yayi, daga baya aka sayar da ɗimbinta ga 'yan kasuwa, maƙeran birnin Saint-Étienne suka goge murɗaɗɗen zanen da ke cikin bututunta suka mai da ita ta ƙwayoyin dalma, aka sayar wa manoman Faransa da na ƙasashen da take mulka. Ta kawu tana cikin waɗannan. Ashe ke nan wanda ya ce kada a taɓa ta ya makara, tun da an riga an taɓa ta kafin ta ƙetaro teku. Auta kuwa ya ƙara da cewa, in maƙerin Faransa ya gyara an kira shi gwani, don me namu zai gyara a ce ɓarna ce? Wannan tambaya tana da zafi, kuma zafin yana da asali, domin a yarjejeniyar Burusal ta 1890 Turawa sun haɗa baki a kan hana bindigogin zamani shiga hannun mutanen wannan yanki na Afirka, suka bar mana masu ƙanƙara da baƙin albarushi kawai; maƙeranmu kuwa, da zuga-zugi da gawayin ƙirya da magagari, suka koyi ƙera bindiga tun daga baki har gindi, wani lokaci da bututun sitiyarin mota, suka ciyar da gidajen maharba shekara da shekaru. Wanda ya raina hannun waɗannan bayin Allah bai yi musu adalci ba.

Ta biyu ta shari'a ce, kuma malam da kansa bai musa ta ba: an hana Musulmi tozarta dukiya. Manomin da gonarsa ba ta kai shi damina ba, ba shi da halin sayen sabuwar bindiga, ga kuwa ƙarfe mai kyau a ɗaka tsatsa tana ci. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ta uku ita ce ta fi kama hankalina. Farauta halas ce ga mai neman abinci, ko da yake Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala cewa wadda ake yi don wasa makaruhi ce. Fuƙaha'unmu kuwa sun yi dogon nazari a kan abin da bindiga ta kashe, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya raba tsakanin abin da makami ya huda, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa, wanda yake mushe. Shaihu Dasuƙi ya ambata a hashiyarsa a kan sharhin Dardiri cewa magabata ba su bar nassi a kan harbin dalma ba, domin albarushi bai bayyana ba sai tsakiyar ƙarni na takwas na Hijira, sannan malaman baya suka yi saɓani, wasu suka hana bisa ƙiyasi da harbin dunƙulen yumɓu, wasu kuma, irin su Ibn Gazi da Shaihu Abdulƙadir na birnin Fas, suka halatta, saboda dalma tana hudawa, tana zubar da jini, tana kuma gaggauta kisa. To, in illar halasci ita ce hudawa da saurin kisa, in kuma an umurce mu da kyautatawa har a wajen yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba, lalle bindigar da saitinta ya karkace, wadda ke karya wa zomo ƙafa ya shige rami ya mutu a can bayan kwana biyu, ta fi cancantar gyara a kan a ci gaba da harbi da ita a haka. Duk maharbin da ya taɓa bin sawun jini har magariba bai samu naman ba ya san abin da nake nufi.

Da a nan maganar ta tsaya, da na goyi bayan auta ba tare da wani tarardadi ba. Sai dai kalmar gyara, a bakinsa, ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe: akwai mai da abu yadda yake a da, akwai kuma ɗora masa abin da ba a yi shi dominsa ba, kuma a kan na biyun ne hujjojin ɗaya ɓangaren suke sauka.

Ga yadda al'amarin ƙarfe yake. Lokacin da allura ta daki gindin harsashi, albarushin yakan kama cikin ƙiftawar ido, iskar da ta fito daga gare shi kuwa tana neman mafita ta kowace fuska, ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Abin da ke tilasta mata bin bututu shi ne kaurin ƙarfen da ya kewaye ta, da sakatar da ta tokare ta ta baya. To, ita Gras ba ta da abin da ke kulle sakatarta sai kafaɗa guda ɗaya, wato tushen hannun nan da ake kwantarwa, saɓanin Mauser ta Jamus ta 1898 wadda aka yi wa haƙora biyu a gaba da na uku a baya don ko-ta-kwana. Harsashi lamba 12 kuma ya fi wanda aka yi ta dominsa kauri nesa ba kusa ba, don haka ba zai shiga ba sai an kankare ƙarfe daga daidai wurin da wuta ke tashi, ƙarfen da ya doshi shekara ɗari da hamsin, wanda tsatsa ta riga ta yi wa ramuka da ido ba ya gani. Albarushin da ke cikin harsashin kasuwa na yau kuma mara hayaƙi ne, ƙunarsa daban da ta baƙin da aka saba gwada irin waɗannan bindigogi da shi. In bututu ya fashe, hannun hagu ne ke riƙe da shi. In kuwa kafaɗar sakata ta karye, ba inda sakatar za ta nufa sai baya, kuma abin da ke bayanta kai tsaye shi ne idon mai harbi. Ban san wurin da karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta fi dacewa da shi kamar nan ba.

Amsar tambayar auta mai zafi tana nan ita ma. Maƙerin Saint-Étienne bai fi namu basira ba, amma a bayansa akwai gidan gwajin bindigogi da aka kafa a birnin tun 1782, inda ake ɗura wa kowane bututu wuta fiye da wadda zai taɓa ɗauka a hannun mai shi, a harba shi a rufaffen ɗaki, a auna, in ya tsira a buga masa hatimi, in bai tsira ba ya fashe inda ba kowa. Mu kuwa gwajinmu sananne ne: a ɗaure bindiga a jikin gawo, a ƙulla igiya a kunama, a koma bayan rumbu a ja. In ta tashi lafiya a ce ta yi. Alhali ƙarfen da ya tsage a ciki yana iya jure harbi na ɗaya da na goma ya ci amana a na sha ɗaya. Ina yaro na ga wani maƙwabcinmu da aka yi wa bindigarsa walda a wurin da ta tsage, ya yi wata biyu yana harbi da ita yana yaba aikin, ran nan da hantsi aka shigo da shi gari an naɗe hannunsa da rawani, jini ya rine shi har gwiwar hannu, aka ɗora shi a amalanke zuwa likita a Agiye; ya dawo da yatsa biyu a hannun da yake riƙe kalme da shi, kuma daga wannan shekara 'ya'yansa ne suka riƙa yi masa noma. Shari'ar da ta hana tozarta dukiya ita ce dai ta hana mutum cutar da kansa, kuma a wurin malaman usulu kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya.

Sai maganar dawa. Malam ya tambayi ƙanensa, a ɗora mata madubin hange don ta hango me? Bindigar da aka goge wa zane ba ta kai dalma nesa, madubi a kanta ado ne kurum. Amma ko da mai zane ce, irin su MAS 36 da tsofaffin sojan Faransa suka sani, tambayar tana nan. Dattawan Gulbin Kaba suna ba da labarin barewa da gada da mugun dawa da tuje, har da kura mai shigowa gari da dare. Yau kuwa jihar Maradi, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan uku da dubu ɗari huɗu a cikinta, ta zama gona a jikin gona, saura ta ƙare, dajin da ya rage a ƙasar Agiye bai wuce irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado ba, su ma hukuma ce ta killace su. Fari na 1973 da na 1984, wanda mutanenmu ke kira El-Buhari, sun gama da abin da gatari ya bari. An rufe farauta a ƙasar nan, ta zauna a rufe fiye da shekara ashirin, duk da haka namun ba su dawo ba. Raƙuman dawa takwas da suka buɗe sabon babi a Gadabeji, sai da aka ɗauko su a mota daga Kure a 2018. Abin da ya rage wa maharbi shi ne zomo da fakara da kurciya da gafiya, da zabon daji in an dace. Akwai wani abin farin ciki guda, shi ne yadda manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna renonsa, har ƙasar da ta zama fili fetal ta sāke yin inuwa, tsuntsaye suka samu wurin sheƙa. Wannan ɗan abin da ya fara farfaɗowa, a ganina, bai kamata a tarbe shi da ƙarin wuta ba. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da izini da lokaci, ta kuma ware namun da ba a taɓawa. Takardar riƙe bindiga ita ma akan rubuta irin bindigar da girman harsashinta a ciki, don haka wanda ya sāke mata ciki a ɓoye ya fita daga takardarsa, in ma yana da ita.

Akwai wata hujja da ba malam ne ya kawo ta ba, tawa ce. Irin su Gras da Lebel ne bindigogin sojan Faransa a zamanin da ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan a 1899, ya bar gawarwaki tun daga Birnin Ƙonni har Koran Kalgo, kafin su biyun su gamu da ajalinsu a Maijirgi. Ƙarfen da ke ɗauke da lambar 1874 shaida ne na wancan zamani, ko da shi kansa bai halarci wurin ba, kuma shaidun da suka rage mana kaɗan ne. A Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, an yanke dubban tsofaffin bindigogin soja, an huda su, an ɗora musu madubai don farauta, jikokin masu yin haka kuwa yanzu waɗanda ba a taɓa ba suke nema da tsada. Ina gudun kada mu yi wa tamu gyaran gangar Auzinawa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, domin auta bai faɗe ta gaban mahaifinsa ba, sai da muka keɓe da dare ya ce mini, "Taubashi, ka san ba don zomo nake wannan magana ba." Na sani. Tun 2019 dubun-dubatar 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetaro zuwa ƙasar Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, ɓarayin kuma ba su tsaya a kan iyaka ba, sun riƙa biyo dare suna kora shanu suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa. Fiƙihu ya yarda mutum ya tunkuɗe wanda ya afka wa ransa da iyalinsa da dukiyarsa, kuma ni ba ni da fuskar da zan dubi magidancin da aka ɗauke wa mata in ce masa ya yi haƙuri hukuma tana zuwa. Duk wanda ya yi wannan muhawara bai ji nauyin wannan a ƙirjinsa ba, bai san ƙasar ba.

Amma kuma dole in faɗi abin da na gani a cikinta. Na ɗaya, bindiga mai cin harsashi ɗaya, komai gyaranta, ba ta tsayawa gaban mai cin talatin. Abin da take yi shi ne ta sa mai ita ya fito ƙofar gida a daren da ya kamata ya ɓuya, ta kuma sa a san gidansa. Na biyu, maƙwabtanmu na Zamfara sun riga mu bin wannan hanya: 'yan sa-kai sun tashi ne don kare garuruwansu daga ɓarayin shanu, sai hukunci ya koma hannun wanda ba alƙali ba, aka kashe mai laifi da mara laifi, ramuwar gayya ta buɗe ƙofar da har yau ba a rufe ba. Mu ma muna da namu tabon, domin ba a manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a 1991, galibinsu mata da yara na Fulani. Bindigar da aka tashe don ɓarawon dare tana nan a ɗaka ran da shanu suka shiga gonar wake da rana tsaka, zuciya kuma ta hau. Wannan shi ne abin da malaman Malikiyya ke kira toshe kafar ɓarna, wato hana halas ɗin da galibi yake kai wa ga haram, kuma a wurinsu tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Ƙasar da ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, ta kuma ƙona bindigogi fiye da dubu a Agadas ran 25 ga Satumba 2000 don shaida zaman lafiya, ta san abin da ta gani kafin ta yi haka. Haƙƙin magidancin nan na Gidan Rumji shi ne a kawo masa tsaro na gaskiya, kuma wajibi ne mu yi ta faɗar haka da babbar murya. Tsohuwar Gras ba za ta sauke wa kowa wannan nauyi ba.

Inda na tsaya ke nan: maharbi na ainihi, mai takardarsa, wanda bututun bindigarsa da sakatarta suke da lafiya, ya gyara itace, ya goge tsatsa, ya daidaita saiti, wannan kyautatawa ce, ina tare da shi, amma wurin da wuta ke zama, kada magagari ko walda su kusance shi, in kuwa nan ɗin ne ya mutu, to bindigar ta gama aikinta.

Kawu bai karanta Dasuƙi ba, bai kuma taɓa jin sunan Basile Gras ba. Bayan kwana uku ya kira 'ya'yan nasa biyu bayan sallar la'asar, ya ce da auta ya kai gindin wurin masassaƙi a yi masa sabo da itacen kanya, wanda gara ba ta so, a kuma bi siffar tsohon sak. Ya ce da malam shi kuma ya raka shi wurin mai gari a ji yadda za a yi da maganar takarda, domin wadda kakanmu ya karɓa tun zamanin komanda ta daɗe da ɓacewa. Sa'an nan ya jawo bindigar, ya zare sakatar da hannunsa kamar yadda ya saba yi in zai wanke ta, ya shafe ta da mai, ya naɗe a tsumma, ya jefa cikin adakarsa ya kulle, ya mai da mabuɗin aljihu.

Da na koma ƙauyen da Sallar layya na tarar da ita a maratayinta. Sabon gindin ya yi sumul, har ya fara duhu saboda shafar hannu, domin jikoki sukan roƙa a sauko musu da ita su karanta lambar. An sa mata sabuwar auduga a baki. Auta ya sayi shanun huɗa biyu da sauran kuɗinsa, kuma har ranar da na baro garin, in hira ta biyo ta kan ɓarayin iyaka, yakan ɗaga kai ya dubi bangon ɗakin mahaifinsa.